Ranar da Na Gyara wa Baba Haruna Tarihinsa

Ba zan taɓa mantawa da walimar nan ta unguwar Rusaifa ba, inda na kusa zubar da mutuncin gida guda da takarda ɗaya.

Ina karatu a Makka lokacin, kuma da yake na yi digirin tarihi a gida, ba a kawo zancen da sai na tsoma baki. Abokina zai yi aure, sai ya roƙe ni in rubuta tarihin gidansu a karanta wurin walima. Ya kai ni unguwar Misfala wajen kakansa, Baba Haruna, tsohon tela da ya shigo ta Sudan tun yana matashi.

Tsohon ya ce, "A makon 'yancin Najeriya aka ɗaura min aure. Usman kuwa, uban angon nan, a zamanin Sarauniya aka haife shi."

Na yi murmushin tausayi. A raina na ce tsufa ya cakuɗa masa lissafi, ai Sarauniyar Ingila ta tafi ranar da aka sauke tutarta. Ban tambaye shi ba (mai digiri ya tambayi tela?). Na koma ɗaki na rubuta cewa an haifi Usman a ƙarƙashin mulkin mallaka, kafin 'yanci. Auren kuwa na bar shi inda yake, a makon 'yanci. Wallahi ban haɗa layukan biyu a kaina ba.

Ranar walima na karɓi lasifika, na karanta da murya irin ta gidan rediyo. Ina gama layin auren, mutane suka fara kallon juna. Mai zuba gahawa ya tsaya da buta a hannu. Alhaji Usman, dattijo mai furfura, ya sunkuyar da kai a gaban surukan ɗansa. Sai a lokacin na gane abin da na sanar wa mutane: an haife shi kafin auren iyayensa.

Baba Haruna ya miƙo hannu, na ba shi lasifikar.

"Ma'alesh, ya waladi, ba komai ɗana, ba a koya muku wannan ba," in ji shi a hankali. "Mun samu 'yanci a 1960. Tuta tamu, majalisa tamu, firaminista namu. Amma shekara uku Sarauniya ce shugabar ƙasa, Gwamna-Janar ɗan ƙasa yana wakiltarta. Ba ta yanke komai, da sunanta kawai ake yi. A tsakiyar shekarun nan Allah ya ba ni Usman. Muna hanya, a Sudan, muka ji an koma jamhuriya, yaron na goye a bayan uwarsa."

Ya maimaita da Larabci saboda samarin da Hausarsu ta yi rauni. Sannan ya ce, "Malamin nan ya so ya ƙara wa ɗana shekaru ne don a ƙara girmama shi." Aka yi dariya, Alhaji Usman ya ɗago kai.

Ya wanke matarsa da ɗansa, ni ma ya rufa min asiri, duk a numfashi ɗaya. Har yau ban ga malamin da ya burge ni kamarsa ba.

Tun daga ranar, idan tsoho ya faɗi abin da ya saɓa wa littafina, littafin nake fara tuhuma.