Ranar da Dokta Munzali Ya Sha Haɗinsa

Duk wanda ya ce babu masana a Gwadangaji, to bai taɓa yin ciwon kai a unguwar ba. Da ya yi, da an nuna masa shagon Dokta Munzali, mai kemis ɗin nan na kwanar da 'yan keke napep ke juyawa. Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Wasu likitocin sai sun tambaye ka inda ke maka ciwo, su saurari ƙirjinka, su tura ka gwajin jini. Dokta Munzali kuwa tun kana tsallaka kwata ya gama gano cutarka, kafin ka yi sallama ya ƙunshe maganin. Ba wata jami'a da ta ba shi sunan Dokta. Shi ya duba cancantarsa da kansa, ya ga ta kai, ya kira mai fenti.

Kada mu ci haƙƙinsa, yana da digiri. Na kimiyya ne, an same shi da daɗewa, da ƙyar da jiɓin goshi, yana nan rataye tsakanin kalanda da fanka. Amma ba digirin ya ɗaukaka shi ba, haɗi ne. Dokta bai yarda da wahalar haddace sunayen magunguna ba, launinsu ya sani: ja, fari, kore, da wata 'yar ƙwaya rawaya da yake ƙauna fiye da kowacce. Haɗinsa na mura ya yi suna har fadamun Argungu, ya raɗa masa Tashi-Tsaye. Manomi ya sha, ya ɓingire, ya wuni ya kwana, ya farka mura ta gaji da jira ta tafi, ya dawo yana sa albarka. Shi Dokta bai taɓa kai shi baki ba. In mura ta kama shi, matarsa Ummu Hani ke dafa masa citta da kanumfari, ya shanye a ɗaki, ƙofa a rufe.

Ana nan sai sanarwa ta fito cewa sashen Famakoloji na jami'a, wato inda ake koyar da yadda magani ke aiki a jikin mutum, yana neman malamai na wucin gadi da masu sa ido a jarrabawa. Dokta ya karanta a wayarsa, ya cire tabarau, ya dubi masu zama a bencin ƙofar shago.

"Sai yanzu sunka tuna da ni," in ji shi. "Ba komi. Ilimi ba ya fushi. Zan tahi in gyara musu wurin."

Ranar nan ya tura takardun nema. Washegari ya sayar da shagon.

I, haka kuka ji. Femi, ɗan Baba Olusegun mai kayan gini, haifaffen Birnin Kebbi da ya daɗe yana sha'awar kwanar nan, shi ya saye, da kanta da firji da benci. Ummu Hani ta yi kuka har idonta ya kumbura. "Malam, don girman Allah ka bari a ɗauke ka tukuna. Da shagon ga muke ci, da shi yara ke zuwa makaranta."

"Ke ba ki san manya ba," ya ce mata. "A ce malamin jami'a shina ƙunsa ƙwaya a takarda? In Farfesoshi sunka biyo ta nan sunka gan ni, mi zan ce musu?"

Kuɗin kuwa bai bari sun yi sanyi ba. Aka ɗinka kwat, aka sayi jaka mai kwaɗo, aka sake wa allon ƙofar gida fenti, sauran aka biya wa yara makaranta don a toshe bakin uwarsu.

To, Dokta mutum ne mai tarbiyya, ya san ba a neman aiki hannu rabbana. Ya bincika ya ji shugaban sashen, Farfesa Tamba, a unguwar Gesse yake zaune. Sai ya hau mota zuwa Argungu da kansa don ya zaɓo giwan ruwa wanda ya dace da gaisuwar masani ga masani. Damina ce. Yana bakin gulbi yana koya wa masunta yadda ake gane kifi mai lafiya, hadari ya haɗo. Kowa ya ruga rumfa, ban da Dokta, don bai kai ƙarshen bayaninsa ba. Ya dawo Birnin Kebbi sharkaf, rungume da kifi a buhu, yana atishawa har direba na cewa alhamdu lillahi a madadinsa.

Abin da binciken nasa bai gano ba shi ne Farfesa Tamba ɗan masunta ne, a cikin kwalekwale ya yi wayo. Farfesa ya fito ƙofar gida, ya ɗaga kunnen kifin da ɗan yatsa, ya leƙa, ya sake shi.

"Malam, an gode. Amma ba ni karɓar komi ga mai neman aiki. Kuma wanga kihi na jiya ne, a yi maza a soya shi."

Da wani ne, da kunya ta kashe shi a wurin. Dokta ya dawo gida yana murmushi, ya ce wa Ummu Hani, "Kin gani? Ya ce ba a kyauta tsakanin abokan aiki. Har ya damu da abincinmu."

Ranar intabiyu ya shiga da kwat da jaka mai kwaɗo, babu komai cikinta sai hankici. Mutum biyu ya tarar, Farfesa Tamba da wata malama, Dokta Adunni. Ita kam dokta ce ta gaske, da karatunta ta samu. Munzali ya san ta tun tana tallan robobi a shagon uwarta a kasuwa, saboda haka ya ga babu dalilin wahalar da bakinsa.

"A'a, ɗiyata! Ke ce nan? Ina Iya? Ƙafar tata ta bari? Ni na warkar da ita."

"Lafiya lau take, Kawu," ta ce. "Ka bayyana muna yadda maganin mura ke aiki in ya shiga jiki."

Dokta ya gyara zama, ya fyace hanci. "Madalla da tambaya. Shi magani, in ya sauka ciki, ba ya gaggawa. Tsayawa yake ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ga ina cutar ta ɓoye. Ja shi ka bin jini, don launinsu guda. Fari na ƙashi ne. Rawaya kuwa, ranka ya daɗe, ita ce shugaba, ita ka raba musu aiki. Wannan ba a littafi na gani ba, bincikena ne."

Farfesa ya dubi silin. Daga bisani ya ce maganar koyarwa a ajiye ta gefe. Amma jarrabawa ta zo, masu sa ido sun yi kaɗan. Munzali ya zo ranar Laraba a gwada shi a zaure guda. In ya tsare shi lafiya, a ɗauke shi wannan aikin.

Kafin magariba duk Gwadangaji ta ji cewa jami'a ta ga ajin ɗalibai ya yi wa Dokta kaɗan, an ɗora shi kan jarrabawa gaba ɗaya.

Laraba ta zo, mura ta ce ba inda za ta. Hanci na zuba, murya ta dushe. Ummu Hani ta dafa citta, ya ce babu lokaci, kuma ba zai shiga jami'a yana warin kicin ba. Ya biya ta tsohon shagonsa, ya sayi ƙwayoyi a hannun Femi kamar kowane mai ciwo, ya haɗa Tashi-Tsaye da hannunsa mai albarka.

A zauren jarrabawa, kafin a raba takardu, ya buɗe ƙunshin a kan tebur gaban Dokta Adunni, wadda aka sa ta duba yadda zai yi. Mutumin kirki ba ya ci shi kaɗai, har ya tura mata ya ce bisimilla. Ta dubi 'yan rawayan nan, ta dube shi.

"Kawu, wagga tana sa kwana fa. Guda ma ta isa, kai ga uku."

"Ɗiyata, ana auna magani da girman mutum ne. Tun ba ki san haruffa ba nake ba da ita." Ya watsa duka a baki, ya kora da ruwan leda.

Sannan ya juya ga ɗalibai, ya buɗe hannuwa. "Ku saurara! Ni ne Dokta Munzali. Idona ba ya ƙiftawa. Wanda ya taɓa aljihu, na gani. Wanda ya yi niyyar taɓawa ma, na gani. Yau satar amsa ta mutu a jami'ar ga!"

Gaskiya, da farko ya yi aiki. Ya zaga layi-layi, takalmi na ƙara, ya ƙwace wa wata ɗaliba hankici, ya duba bayan kunnen wani. Can sai takun ya ragu. Ya jingina da bango don ya fi ganin kowa. Ya ga ashe daga kujera an fi gani. Ya zauna, ya ɗora jaka mai kwaɗo a cinya, ya tallafe haɓa kamar mai nazari. Ido ɗaya ya tafi. Ɗayan ya yi ta maza na ɗan lokaci, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Wayyo, munsharin! Mai mura ne, ga baki a buɗe. Ya fara a hankali, ya hau, ya tsaya cak har ka ce ya mutu, sai ya dawo da fito. Ɗalibai suka cusa hannun riga a baki, kafaɗu na rawa. Dokta Adunni ta taɓa shi, ta kira shi Kawu, ta kira shi Malam, har Doktan ta ba shi, bai amsa ba. Dole ta tsare zauren ita kaɗai.

Aka yi rashin sa'a, ko sa'a, tambaya ta ƙarshe a takardar ita ce a faɗi illar da maganin mura irin wannan ke yi, da dalilin hana direba shan sa. Ɗalibin da bai yi karatu ba ma ɗaga kai kawai ya yi, ya dubi gaban zaure, ya sunkuya ya rubuta. An ce tun da aka kafa sashen ba a taɓa samun tambayar da kowa ya ci ba sai ita.

Farfesa Tamba ya shigo zagaye, ya tsaya kansa, ya saurara kaɗan, ya ce a bar shi kada a tashe shi. Aka karɓi takardu, aka watse. Sai la'asar masu shara suka girgiza shi. Ya zabura yana cewa, "Kai mai jar riga, na gan ka!" Babu kowa sai kujeru.

Ya iso gida ya tarar labari ya riga shi, don ɗalibai da yawa a Gwadangaji suke haya. Ummu Hani ta ajiye masa cittar safe, har ta yi sanyi. Shi kuwa ya ce wa 'yan benci, "Darasi na ba su a aikace. Wane malami ne zai sadaukar da jikinsa haka?"

Jami'a ba ta sake kiransa ba. Shago ya tafi, kwat ba ta ciyuwa. Ummu Hani ce ta ajiye kunya ta je ta roƙi Femi, shi kuma ya tuna maƙwabtaka. Yanzu in ka bi ta kwanar da rana, lokacin da Femi ke zuwa sarin kaya, za ka ga Dokta a kan benci da kwat ɗinsa, ya samu aikin sa ido da ya nema. Femi kan kulle kantar magunguna ya tafi da makulli. Ruwan leda kawai aka yarda ya sayar.