Ramin Fulogi Na Uku a Motar Kaka Datti

"Lafiya lau na kwana, amma ba da taimakonka ba," na ce da Kaka Datti tun bai ƙarasa gaisuwar ba. "Tsohon da ya so ya kashe ni jiya ne yake tambayar kwanana?"

"Ni dai na ga ƙato yana tura mota yana salati kamar mai naƙuda. Ashe a jami'a ba a koyar da jarumta, Sharafaddeen?"

Yana tsaye a tsakar gidanmu na Rikkos cikin rigar sanyi, yana goge tsohuwar motarsa da ta girme ni. Jiya muna hawan Gada Biyu aka fara rufe shaguna, mutane na gudu ba wanda ya san dalili, sai motar ta mutu a tsakiyar titi. Ni na fita na tura. Daga baya aka ce 'yan keke ne kawai suka yi cacar baki, amma har yanzu in na ɗauki kofin shayi sai ya zuba. Kuma wai gobe a wannan motar zai kai kakata Kubra suna a Toro.

Na ce masa ba zai kai mini mata daji ta kwana a bakin hanya ba. Ya ce wace matar, ni da ko sabulu ban taɓa saya mata ba? Muka yi ta yi har muka ƙulla sharaɗi: zan auna ƙarfin matsin injin da gejin da na aro wurin abokina Pwajok, mai gareji a Anguwan Rukuba. In inji lafiya, ya tafi. In ba lafiya, ya haƙura.

Muka bar motar ta yi zafi, na kwance fulogai huɗun, na cire wayar wuta, na ɗaura gejin a ramin farko. Na ce ya taka totur har ƙasa sannan ya murɗa makulli. Allura ta ɗan motsa ta tsaya. Haka ta yi a duk ramukan. Na tuna Pwajok ya ce in duk ramukan suka nuna rauni iri ɗaya, in fara zargin mai awon. Na leƙa. Ƙafar Kaka ta dama tana can gefe cikin silifa, ko kusa da totur ba ta je ba.

"Tsoho, me ƙafarka take yi a nan?"

"Hutawa take. Ka san kuɗin lita kuwa? In taka har ƙasa mota na tsaye wuri ɗaya? Ubanka ne mai gidan mai?"

"Ɗanka ne ai, ka tambaye shi. Rowarka ta kusa sa a binne motarka da ranta."

Da na yi shiru da na ci sharaɗin, amma haushi ya hana ni. Muka sake, yana takawa yana tsaki. Ramin farko allura ta haura sosai, na biyu ma haka. Kaka ya fara kiran Kubra ta fito ta ga mijin ƙwarai, ya ce ta ɗaure kayanta. A na uku allura ta tsaya ko rabi ba ta kai ba.

Ya ce gejin ne ya gaji. Na nuna masa na huɗu, lafiya lau. Ya ce to hannuna ne mai rawa. Na karɓo cokali a kicin, Kubra na bin bayana da faɗa, na zuba baƙin mai kaɗan a ramin, muka sake. Allura ba ta ƙara ko kaɗan ba. Na gaya masa da ringin fistin ne ya cinye da man ya ɗaga allurar, don haka bawul ne ya ƙone iska na zurarewa, sai an buɗe kan inji.

"Matsa, ɗan boko. Ba na karɓar shaidar agogo."

Ya sa ni a kujera, ya toshe ramin farko da babban yatsansa, ya ce in murɗa. Iska ta ture yatsan har ya zabura. Ya koma na uku. Na murɗa, na sake murɗawa. Yatsan na nan zaune, sai wani ɗan huci.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Na ce in yana so ya ƙara da yatsan ƙafa, tunda ya huta. Shi kuwa hannuwana yake kallo a kan sitiyari.

"Jiya da kake turawa, ta madubi nake kallonka," ya ce. "Na ce in wani abu ya sami wannan ragon, wa zan riƙa zagi?"

Sai ya yi dariya, ya zare makullin ya cusa mini a aljihu, ya ce in kai Kubra tasha gobe mu shiga ta haya.

"Ka ɓoye shi inda ba zan gani ba. Na san halina, in na gan shi da safe tafiya zan yi."