Layi Biyu

Shekara tara ina gwajin maleriya a shagon maganina a Ƙanƙara, kuma kullum layi biyu na nufin akwai ciwo. Shi ya sa ranar da wani Alhaji ya zo daga Pauwa da ɗansa, a gwada fitsarinsa ko yana shan ƙwaya, ko takardar bayanin da ke cikin kwalin kayan gwajin ban buɗe ba. Wa zai koya mani aiki?

Layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro a gurbin kowace irin ƙwaya. Na cire tabarau, na girgiza kai.

"Alhaji, sai haƙuri. Babu wadda ba ya sha."

Alhaji ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa yana salati. Ɗan yana rantsuwa ko goro ba ya ci, ni kuwa ina daka mashi tsawa. Nan take Alhaji ya ce ya fasa saya mashi babur.

Sai ga wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo sayen auduga. Ta leƙa ta ce, "Malam, ai a wannan gwajin layi biyu na nufin ba a ga komai ba."

An sayi babur ɗin. Har yau in yaron ya wuce shagona da abokansa, sai su ɗaga mani yatsu biyu: "Likita, mun sha ko ba mu sha ba?"