Allon Janar a Bayan Keken Saja

Duk wanda ya ce mutanen kirki sun ƙare a duniya, to bai san maƙwabcina ba, shugaban Ƙungiyar Share Hawayen Mazan Fama. Mu a layi Janar muke ce masa. Gaskiya bai taɓa shiga soja ba, kuma ranar da tayar mota ta fashe a bakin titi, a ƙarƙashin teburin tela aka tsinto shi. Amma yana da sandar matsewa a hammata, yana da takun ƙasaita, kuma in ya fara bayanin tsofaffin sojojin da suka ji rauni a laka, sai ka rantse ya fi su jin ciwon.

Gida uku ne tsakanina da Saja. Shi sojan gaske ne, harsashi ya taɓa masa laka, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Matarsa ke juya shi duk bayan awa biyu, amma duk da haka gyambon kwanciya ya fito masa. Likita ya ba shi ranar Alhamis, in ya kuskure sai bayan wata uku. Kekensa na guragu ya karye, mota ba ta shiga lungunmu, shi kuma ya rantse ba mai sake ciccibarsa kamar buhu, tun ranar da ni da tela muka kusa yar da shi.

Ran Talata sai ga Janar da sabon keke, mai hoto na biye. Keke dai keke ne, har ƙyalli yake. Sai dai an yi masa waldar wani faffaɗan allon ƙarfe a baya, an rubuta: Kyautar Mai Girma Shugaba, Dakta, Uban Marasa Gata, Bango Majinginar Mazan Fama. Ni karatuna bai yi nisa ba, sai da na huta sau biyu kafin na kai ƙarshe.

Aka tura keke ƙofar gida, allo ya ce bai san zancen ba. Aka karkata shi, aka kwantar, aka juya da baya, ina. Matar Saja ta rusuna ta roƙi a rage allon ko da taƙi ɗaya ne ta kowane gefe.

Janar ya dube ta da tausayi. "Uwargida, wanne za a cire? Daktan, ko Uban Marasa Gatan? Ai ba ni za a rage ba, tarihi za a rage."

Ya ba da umarni a fasa bango. Mai gidan haya ya ce a fara fasa na Janar ya ga yadda ake yi. Nan take Janar ya kafa kwamitin binciken ƙofa, ya naɗa kansa shugaba, ya karɓi naɗin da tawali'u. Don kada mai hoto ya koma hannu rabbana, ya zauna a keken da kansa, aka buɗe taga yadda kan Saja zai ɗan fito a gefe.

Saja ya ce daga kan gado, "Yallaɓai, jibi fa asibiti."

"Haƙuri, Sajana. Mu sojoji da juriya aka san mu."

Ana ga yaƙi, shi yana ga ƙura. Ran Laraba kwamiti ya zauna, ya gano laifin ƙofa ne, ya gargaɗe ta a rubuce.

Da safiyar Alhamis matar Saja ba ta shawarci kowa ba, ta kira mai walda ya ɓalle allon gaba ɗaya. Keke ya shige har gaban gado, Saja ya ja jikinsa ya hau. Da muka fito sai muka tsaya cirko-cirko, don kwata ce shimfiɗe a ƙofar gida, taya ba ta tsallake. Ta dubi kwata, ta dubi allo, ta ce in kama mata. Muka ɗora shi, ya zauna daram kamar an auna.

Janar ya karyo kwana daidai lokacin da taya ke bi ta kan Dakta. Ya tsaya, ya waiga ya ga mai hoto ya riga ya ɗaga kyamara. Sai ya gyara sanda a hammata.

"Daman haka na tsara shi. Shugaba na gari shi ke kwantawa a bi ta kansa."

Saja ya ga likita a kan lokaci, gyambo ya fara kamewa. Mu kuma 'yan layi yanzu addu'armu ɗaya ce: Allah ya ƙara wa Janar muƙami ko guda biyu ne, don kwatar ƙofar gidan Kofur, ɗaya tsohon sojan layinmu mai keken guragu, ta fi wannan faɗi.