Wadda Ta Tare Wa Malam Maharazu Hanya

"Lafiya ƙalau. Ya gida? Ya iyali? Ya aka ji da kaka, an samu shigar da amfani?"

"Alhamdu lillahi, Malam."

"Madalla. Ya mutanen gida? Ya… ya sauran jama'a?"

Malam Maharazu ke nan, tsaye ƙiƙam a tsakiyar layin 'yan hatsi na kasuwar Kibiya, ya damƙe hannun wani mutum ya ƙi saki. Jikarsa Saudat tana bayansa riƙe da kwando. A bayanta kuma wani mai baro ne ya lodo buhunan dawa, yana ta "Hanya! Hanya!" har muryarsa ta fara dushewa. Lokacin kaka ne, kasuwa ta cika maƙil, duk inda ka juya kafaɗar wani ce.

Sai da mutumin ya yi dariya sannan tsohon ya ce, "Au! Ubaidullahi ne! Kai, ɗan nan!" Ya sake ɗauko gaisuwar daga farko.

Saudat ta lura da wannan, kuma bai yi mata daɗi ba, don ba yawo ne ya taso ta daga Rano ba. Kasuwar da ta wuce wani mai baro ya daki tsohon a ƙauri, ya koma gida da jini a wando. Mahaifinta Badamasi da ƙannensa suka zauna suka ce idon Malam ya yi rauni, zuwa kasuwa ya ƙare. Malam ya ce idonsa garau yake, mutanen yanzu ne ba su iya tafiya ba. Da aka rasa yadda za a yi da shi, sai aka ce Saudat ta raka shi yau ta gani da idonta, abin da ta faɗa da yamma shi za a bi. Shi ma ya san da haka. Ya kuma san in aka hana shi Kibiya, to shi da Ɗanmalam maƙeri sai dai aike, alhali duk cikin waɗanda suka yi ƙuruciya tare su biyu suka rage.

Da Ubaidullahi ya samu ya kuɓuta, mai baro ya wuce yana ƙunƙuni, Malam ya waiwayo.

"Kin gani ko, amarya? Kin ga rashin tarbiyya? Mutum yana gaisawa ana yi masa ihu a ka."

"Angona, ai kai ka tare hanya. Gaisuwar nan taka, da an shuka gero a farkonta da yanzu ana sussuka."

"Ni na tare hanya? Ni da na san layin nan tun yana gonar rogo? Hanyar ce ta zo ta same ni."

"To ka riƙa sakin hannun mutane mana. Bawan Allah har yatsunsa sun yi sanyi."

"Kishi kike yi. An ce miki ni naki ne ke kaɗai? Rabin kasuwar nan da ni suke kwana a rai."

"Rabin kasuwar nan a bayanka suke, jira suke ka matsa."

"Ja'ira. Wuce mu tafi."

Ba su yi nisa ba wani saurayi ya taho kai a sunkuye, yana latsa waya yana murmushi shi kaɗai. Ya bangaji kafaɗar Malam ya wuce, ko waiwaye.

"Kai, mai waya!" in ji Malam. "Allah ya ba ka ido biyu ka kwashe su ka zuba a tafin hannu? Amarya, irin waɗannan kike so ki aura ki bar ni. Ranar ɗaurin aurensa ma sai an tsamo shi daga kwata."

"Ko ba komai shi yana da haƙoran shan rake."

"Haƙoran da suka rage min zaɓaɓɓu ne. Sauran korar su na yi, ba su da biyayya."

"Su suka gudu dai. Goro ya ishe su."

"Ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa ba, me zan yi da haƙori a gidanki? Tuwonki ai sha ake yi."

"Shi ya sa jiya ka nemi ƙari."

"Tausayi ne. Na ga kaji ma sun ƙi."

Suka shiga layin 'yan kayan miya. Nan kuma mata ne a gabansu, sun jeru kafaɗa da kafaɗa, suna tafiya kamar ba sa so, ana ta labarin wani biki da aka raba shinkafa ba nama. Hagu tiren tattasai, dama tarin albasa, babu ta inda za a raɓa.

"Dube su," in ji Malam, bai ko rage murya ba. "Su huɗu sun yi mana katanga. A zamaninmu layi ɗaya ake bi, babba a gaba, yaro a baya. Yanzu kowa a gefen kowa, kamar za a ɗauki hoto."

Saudat ta duba. Mata biyu ne, sai dai kowacce ta rungumo ƙullin kaya a gefe. Ba ta gyara masa ba.

"Ai masu laifin kasuwar nan iri-iri ne," ya ci gaba, abin ya motsa. "Akwai mai tafiya ya tsaya cak, kamar an kira shi daga sama, ka zo ka dasa hanci a ƙeyarsa. Akwai mai ciniki, kansa a rumfa, sauran jikinsa ya bar mana a hanya. Akwai wanda zai taho ya tuna ya manta daddawa, ya juya a kanka ba sallama. Akwai masu haɗuwa da surukai su durƙusa a tsakiyar layi, sai ka tsallake mutum kamar tabarma."

"Saura iri ɗaya ba ka faɗa ba."

"Wanne?"

"Tsoho mai farar hula, ɗan Rano, mai kama hannu."

"Wannan ai ado ne ga kasuwa. Ke fa? Ɗazu a bakin tasha wa ya tsaya cak gaban mai awara har akuya ta yi karo da ita?"

"Akuyar ce ba ta kallon gabanta."

"Na ji ta tana ba ki haƙuri. Ta ce ta ɗauka turke ne."

Saudat ta yi dariya har kwandon ya kusa suɓuce mata. A ranta ta ce, bakin nan dai ko alamar tsufa babu. Har ta fara tunanin ko da yamma ta ce wa mahaifinta lafiya lau aka je aka dawo, a bar tsoho da kasuwarsa.

Kafin a kai maƙera sai an bi ta wani ɗan lungu na masu sayar da hijabai. Tajuddeen mai hijabi ya kafa wata doguwar sanda a gaban rumfarsa, ta ɗan shigo hanya, ya rataya wani shuɗin hijabi mai faɗi a kanta don talla. Iska tana kaɗa shi a hankali. Malam, da yake shi ne a gaba, ya zo daf da shi ya tsaya.

"Baiwar Allah, a ɗan ba mu hanya."

Shiru.

"Baiwar Allah, da ke nake. Salamu alaikum."

Hijabi ya ɗan karkata, ya dawo.

"Ikon Allah! Kin ji ko, amarya? Ko sallama ba ta amsawa. Ke 'yar gidan waye? Kin tsaya kin ba mutane baya, kina wani rangaji, ga tsoho sa'an kakanki yana miki magana. Ko ke ma wayar ce a hannunki?"

Tajuddeen ya ɗago kai. Mai sayar da takalma na kusa da shi ya taɓa maƙwabcinsa. Wata mata ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Tausayin kakanta ya kama Saudat har idonta ya kawo ruwa. Ta san kasuwa: kafin la'asar labari ya kai tasha, kafin magariba ya riga su isa Rano, a ce Malam Maharazu ya yi wa sanda wa'azi.

Sai ta dire kwandon, ta riƙe ƙugu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a ku gane min rowar tsohon nan! Tun a mota ya yi min alkawarin hijabi. Da ya ga wanda nake so, shi ne ya zo yana neman sa da faɗa, don a ce sun ɓata ba zai saya ba. Angona, wannan dabarar taka ta tsufa. Ko ka zage shi, ko ka kai shi gaban alƙali, yau da shi zan koma gida!"

Aka fashe da dariya. "Kai, kaka da jika!" in ji mai takalma. "Malam, an gano ka."

Malam bai yi dariya ba tukuna. Ya miƙa hannu a hankali ya taɓa yadin, ya matsa, ya ji sanda a ciki. Ya ɗan jima hannunsa a wurin. Saudat kaɗai ta ga yadda leɓensa ya motsa.

Sannan ya gyara hula ya ce, "Yo ba dole in gwada shi ba? Na yi masa sallama bai amsa ba, na ce ya matsa ya ƙi. Na tabbata naki ne, halinku ɗaya."

Dariya ta ƙaru, kowa ya koma kan cinikinsa. Malam ya ja gefe, ya raɓa jikin rumfa inda ba mai wucewa. Tun safe sai yanzu ya ba wani hanya.

"Saudatu," ya ce ƙasa-ƙasa. Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta. "Kin gani."

"Na gani, Kaka."

"Mutane sun zama kamar inuwa. Sai sun yi magana nake sanin su waye. Shi ya sa nake riƙe hannun." Ya juyo wajenta. "Me za ki gaya wa Badamasi?"

"Gaskiya zan gaya masa."

"To shi ke nan. Mu je in yi wa Ɗanmalam sallama."

"Tsaya mana, ban gama ba. Ka cika gaggawa, kamar mai baro. Zan ce idonka ya yi yana, a daina musu a kai ka Kano likitan ido ya duba. Zan kuma ce ban ga dokar da ta hana ango fita da amaryarsa ranar kasuwa ba. Su suka ce abin da na faɗa shi za a bi."

"Ni ba za a ja ni da sanda a Kibiya ba. Gara in zauna a zaure in ruɓe."

"Wa ya ce sanda? Sanda ai ga ta nan, kun riga kun ɓata. Kafaɗa na ce. Ɗora hannunka nan. Duk wanda ya gani cewa zai yi tsohon nan ya cika naci, ko a kasuwa ba ya sakin matarsa."

Malam ya ce, "Duk ranar kasuwa?"

"Duk ranar kasuwa. Har sai na samu wanda ya fi ka haƙora."

"Ashe muna tare har abada. Wa zai kwashi mai tuwon sha?"

"Ka ga, in ka ƙara zagin tuwona, a gaban mai awara zan ajiye ka, kai da akuyar nan."

Sai a lokacin dariyar ta ƙwace masa, irin wadda take girgiza masa kafaɗu har sai ya yi tari. Ya goge ido da hannun riga, ya ce iska ce.

"Na sallama, kin ci. Tajuddeen! Sauko min da marar kunyar nan ka naɗe wa amarya. Sannan ka tuge sandar nan ka mayar ciki. Mai rai ya tare hanya, marar rai ma ya tare, mu bi ta ina?"

"An gama, Malam. Wallahi da gaskiyarka, ta shigo hanya."

Saudat ta sa hijabin a kwando, ta juya masa kafaɗa. Hannun ya sauka a kai, mara nauyi, daga baya ya zauna daram. Suka bi lungun, ita tana kaucewa yana kaucewa, yana ta yi wa masu wucewa faɗa ta saman kanta. Tun kafin su fita ya jiyo ƙarar guduma a kan uwar maƙera, ta ji yatsunsa sun matse mata kafaɗa.

"Wa nake gani kamar Maharazu?" wata tsohuwar murya ta taso daga cikin hayaƙi. "Yau har da amarya aka zo?"

"Ɗanmalam! Kana nan ba ka mutu ba? Ai ta ƙi bari na fito ni kaɗai, wai 'yan matan Kibiya za su sace ni."

Ɗanmalam ya fito yana goge hannu a zanen aiki, suka haɗu a tsakiyar layi, daidai inda ya fi ko'ina ƙunci. Malam ya kama hannun abokinsa da dama, hagunsa na kan kafaɗar Saudat, aka buɗe gaisuwa tun daga gida har gona.

"Hanya! Hanya!" wani mai baro ya ƙwala daga baya.

Saudat ta waiwaya, ta dube shi, ta dubi tsofaffin nan biyu. Ko taku ɗaya ba ta matsa ba.

"Yi haƙuri ka zagaya, malam," ta ce tana dariya. "Angona yana gaisawa."