Ranar Da Na Dasa Wayar Matata A Katako

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kulle 'yan ƙaramar sakandare aji guda, har da shugabar makarantarsu, a cikin guntun katakon maɗaci ba.

Lokacin korona ne, an rufe makarantu, har da ajinmu na yaƙi da jahilci da nake zuwa bayan la'asar. Ni kafinta ne a Abakpa, shagona a jikin gidana yake. Malamar da ke koya mana karatu ita ta ba wata ƙawarta sunana, wata Hajiya mai makarantar kuɗi a wajen Mando, tana neman wanda zai nuna wa yara riƙon zarto da hama ta waya, suna gida suna kallo. Aka ce darasin farko gwaji ne, in ya yi kyau a ci gaba da ni. Na so abin nan ƙwarai. Mutumin da ke zama a benci da furfura a gemu yana haɗa baƙi da wasali, a ce yau shi ake saurare? Har aski na yi.

Matsalar ita ce wayata 'yar ƙaramar nan ce mai tocila. Babbar waya a gidanmu ta matata Maman Habiba ce, kuma tun da aka rufe Babbar Kasuwa wayar ta zama shagonta, a nan take nuna wa mata atamfa da leshi. Na yi lallashi kafin ta yarda. Sharaɗinta ɗaya, yadda ta ba ni haka zan dawo mata da ita.

Hajiya ta ce in jingina wayar da wani abu don kada ta riƙa rawa. Maganar ta ɗan taɓa ni. Kafinta ya jingina waya da bulo kamar mai shayi? Ana gobe darasi na auna wayar da tef, tsawo da faɗi da kauri, na ɗauko guntun maɗaci mai nauyi na fafe mata gurbi a tsaye, na bi shi da samfefa har yana sheƙi. Maigidana da ya koya mini sana'a yakan ce haɗin kirki shi ne wanda ko reza ba ta samun wurin shiga. Haka na yi shi.

Da safe Maman Habiba ta miƙo mini wayar da caja. Sai na ga wayar ta yi ƙiba. Ashe lokacin da na auna tsirara take, yanzu kuwa an sa mata rigar roba mai kauri (saboda hannuna za ta shiga, in ji mai ita). Kafin in yi wani tunani ta danna mini abin da ake dannawa ta koma cikin gida, sai ga fuskokin yara sun cika gilashin, kowanne a ɗan akwatinsa, suna “Ina kwana, Ankul.”

Na amsa gaisuwa, na sa wayar a bakin gurbin. Ta shiga kaɗan ta tsaya. To, duk kafinta ya san abin da ake yi wa haɗin da ya yi gardama. Na danna da tafin hannu, ta ƙi. Na ɗora tsumma a kanta, na ɗauko gudumar katako na ɗan ƙwanƙwasa, a hankali dai, irin na girmamawa. Ta nutse har ƙugu ta zauna daram.

Wata yarinya, Zainab, ta tambaya ko girgizar ƙasa ake yi a Abakpa. Muryarta ta fito daga cikin katakon a shaƙe kamar ta aljani a kogon kuka. Su ma suka ce suna ji na kamar daga rijiya. Sai na ɗaga murya, har mai wankin hula da ke gefena ya leƙo ya ga ko faɗa nake da wani.

Duk da haka darasi ya fara kyau. Na nuna musu yadda ake miƙa yatsa a jikin mariƙin zarto, da yadda ake riƙe hama daga ƙarshen ƙota ba a wuya ba. Hajiya tana can a nata akwatin tana gyaɗa kai. Da na ga haka sai kaina ya kumbura. Na ce su dubi abin da suke zaune a ciki, na girgiza teburin don su ga ba sa motsi, na gaya musu maganar maigidana ta reza. Har na ce duk wanda ya iya zare wayar nan da hannu in ba shi shagona.

Ban rufe baki ba sai ga jan hoton batir ya fito a gilashin. Wannan ko ba karatu an san shi. Ban damu ba, akwai wuta, ga caja a aljihuna. Na ɗauko, na zagaya katakon ina neman inda ake sokawa. Na duba sama, na duba gefe. Can na tuna cewa ta ƙasa waya take cin abinci, ƙasan kuwa yana cikin maɗaci.

Na ce wa yara su ɗan yi haƙuri. Na ja, ta ƙi. Na taka katakon da ƙafa na ja da hannu biyu, roba ta kama maɗaci kamar an yi musu aure. Na ce bari in kashe kiran in yi fama da abina a ɓoye, ashe jan madannin da ake kashewa ma yana ƙasa, na binne shi da hannuna. Wato duk abin da zan yi, a gabansu zan yi.

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa a layinmu ya sani. Na kwantar da katakon a kan tebur, yara suna kallon kwanon shago, na ɗauko zarto zan tsaga gefen gurbin. Abin da ban yi lissafi ba shi ne yadda zarto yake idan ta ƙasa kake kallonsa yana tahowa. Wani yaro mai suna Mus'ab ya ce, “Ankul, za ka yanka mu fa.” Wata ta ce ita dai ta sunkuya. Garin katako ya zuba musu a fuska, na duƙa na hure kamar yadda na saba, sai na ji ana gardama a kan ko kogo ne suka gani ko hancina. Aka fara ba ni shawara, wannan ya ce in zuba man gyaɗa, wancan ya ce in sa a firji. Hajiya ta rufe bakinta da gyale, kafaɗunta suna rawa.

A haka Maman Habiba ta shigo da kwanon koko. Ta dubi zarton, ta dubi wayarta, ta ajiye kwanon a hankali. Ba ta san akwai mutane a ciki ba.

“Baban Habiba, shekara nawa nake cewa ka gyara mini ƙofar kicin ka ce ba ka da lokaci? Ashe lokacin yanka wayata kake tarawa.”

Sai katakon ya amsa da muryoyi da yawa: “Ina kwana, Anti.”

Ta ja da baya, ta gyara ɗankwali, ta ce lafiya lau, ya karatu, da wata murya mai daɗi da ni ban taɓa samun irinta ba. Zainab ta ce, “Anti, ɗazu ma da guduma ya buga mu.” Daidai nan batirin ya mutu, ya bar ni da Maman Habiba mu biyu.

Ta karɓe zarton ta rataye shi da kanta. Ta ce babu wani abu mai haƙori da zai ƙara matsowa kusa da wayarta. Iyakar abin da ta yarda shi ne in huda ɗan rami ta ƙasa don caja, tana tsaye a kaina. Haka ta yi ta amsa kiran masu sayen atamfa da guntun maɗaci a kunne, tana sauya hannu in ya gaji, har aka buɗe kasuwa wani mai gyaran waya ya san yadda ya yi ya raba su.

Kiran Hajiya ma a katakon ya same ni, washegarin darasin, a ƙofar shago, mai wankin hula yana kallo. Na tallafe shi da hannu biyu ina jiran a sallame ni. Ta ce yara sun hana iyayensu sakat sai an dawo da Ankul, don ba su ga ƙarshen labarin ba. An ɗauke ni, amma a makaranta zan riƙa yin darasin, da wayarsu, kuma mai gadi ne zai riƙe ta daga bakin ƙofa. An gargaɗe shi kada ya miƙo mini ita ko da na roƙa.

Har yau in na haɗu da ɗaya daga cikinsu a hanya, sun zama samari da 'yan mata, sai ya sunkuya ya kare kansa da hannu kafin ya gaishe ni. Maganar maigidana ta reza kuwa ina koyar da ita har yanzu, sai dai na yi mata ƙari: kafin ka rufe abu ruf, tambayi ta ina yake cin abinci, kuma na wa ne. Ƙofar kicin dai a ranar na gyara ta.