Ranar da Na Buge Kofi Daga Hannun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wannan cin abincin rana ba. Ko da na so in manta ma, mutanen garinmu ba za su bari ba.

Ni ne sakataren ƙungiyar manoman albasa da tumatir ta garinmu, can gefen Ɗambatta. Shugaban ƙungiyar kuwa Alhaji Garba ne, wanda 'yarsa nake aure. Duk wanda ya san yadda muke da surukai ya san halin da nake ciki. Mutum ne da ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a kan hanya, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, a wajen taro ma bayansa nake zama da birona.

Wata ƙungiyar manoma a ƙasar Faransa ce ta gayyace mu, mu je mu ga yadda suke adana amfanin gona, da niyyar in an fahimci juna su taya mu gina rumbun ajiyar albasa. Wannan rumbu shi ne burin kowa a garinmu, don duk shekara muna ji muna gani albasarmu ke ruɓewa kafin ta yi daraja a kasuwa. Aka zaɓi mutum uku: Alhaji, da ni, da Mama Rahila shugabar mata manoma, Kirista ce daga ƙauyen da ke bayan fadamarmu, mace mai fara'a wadda ba ta ɓoye abin da ke bakinta.

Ana gobe tafiya surukata Hajiya ta aiko a kira ni. Ina durƙushe a ƙofar ɗaki, ita tana ciki, ta ce, "Malam, ka ga Alhaji bai san ƙasar nan ba, kuma ba ya jin yarensu. An ce can giya ce ruwan shansu, alade kuma shi ne namansu. Amanarsa na damƙa maka. Kada wani abu ya shiga bakinsa sai ka tabbatar."

Na ce, "In Allah ya yarda, Hajiya." (Da na san inda alƙawarin nan zai kai ni, da na ƙara da cewa gwargwadon hali.)

Kwanakin farko lafiya lau. Burodi da shayi na riƙa kai wa Alhaji, sai dambun nama da ƙuli-ƙulin da Hajiya ta cusa mana a jaka. Amma ranar da za a sa hannu a yarjejeniya, mai masaukinmu, wani dattijo mai gashin baki ana ce masa Bernar, ya ce ba za a yi maganar aiki ba sai ya kai mu cin abinci a ƙauyensu, a gidan abincin da kakansa ma can yake ci. Tafintanmu Isufu, ɗan Damagaram ne da ke karatu a can, ya ce mana a al'adar mutanen ƙasar wannan gayyata ta fi takardar muhimmanci.

Tun da muka sauka ƙasar ban yi barcin kirki ba, motar da ta ɗauke mu kuma ga ɗumi, don haka muna fita gari na ɓingire. Da na farka sai na ga gonakin inabi ta ko'ina, layi-layi kamar an ja da igiya, sun hau tudu sun gangara sun sake hawa wani. Manomi ne ni, dole abin ya burge ni. Na tambayi Isufu me suke yi da inabi mai yawa haka.

Ya ce, "Giya. Duk yankin nan da ita suke ci suke sha."

Nan take barcin ya wartsake.

Gidan abincin tsohon gini ne na dutse, ƙofarsa gajera har sai da Alhaji ya riƙe hularsa ya sunkuya. A bakin ƙofa an ajiye gangunan katako an shuka furanni a ciki. Muna shiga na ɗaga kai, sai ga kwalabe jere a bango tun daga ƙasa har rufi. Tsofaffin ƙauyen suna zazzaune a ƙananan tebura, kowa da jan abu a kofi, suka juyo suna kallon babbar rigar Alhaji, fara sol, wadda aka ɗinka musamman don wannan rana.

Mai gidan abincin wata tsohuwa ce gajera, kowa Madam yake ce mata. Ita ta raba mana wurin zama da kanta, kuma ba ta shawarci kowa ba. Ta kai Isufu can ƙarshen dogon tebur kusa da Bernar, ni kuma ta kama hannuna ta dasa ni a gefen Alhaji, kafaɗa da kafaɗa. A gabana ga cokula masu yatsu kala-kala, ga wuƙaƙe, ga kofunan gilashi masu dogon wuya, a kan wani farin ƙyalle mai aikin hannu a gefe-gefe. Ga surukina a dama, ga kwalabe a hagu. Zufa ta fara bin bayana alhali garin da sanyi.

Su kuma ba sa kawo abinci gaba ɗaya kowa ya ci ya tashi. Kaɗan-kaɗan ake kawowa, a jira ka cinye, a kwashe, a yi hira, a kawo wani. Wato kowane faranti sabuwar jarrabawa ce a wurina. Aka fara da miyar kabewa. Na yi kamar zan gyara wa Alhaji kwanonsa, na kai hanci na shinshina. Mama Rahila da ke fuskantarmu ta gan ni, ta ɗaga gira. Aka kawo wa Bernar da ita wani abu a faranti mai ƙananan ramuka yana ƙamshin tafarnuwa.

Ta leƙa ta ce, "Dodon koɗi ne fa. Wanda muke turewa da ƙafa a fadama." Ta caka ɗaya ta kai baki, ta tauna, ta gyaɗa kai. "To ashe asara muke yi."

Kowa ya yi dariya da Isufu ya fassara, ban da ni. Ni idona yana kan ƙofar kicin.

Can sai ga nama a wata babbar tukunyar ƙarfe, da dankali da wake, romon ya yi duhu. Madam da kanta ta zuba wa Alhaji. Na sunkuyar da kai na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, da an ɗan dakata."

Bai kalle ni ba ya ce, "Rago ne." Ya yi bisimilla ya ɗauki cokali.

Na ce a raina, ta ina ya san rago ne? In ma ragon ne, wa ya yanka? Wannan duhun romon fa, me aka zuba? Na shiga ɗaga wa Isufu gira daga nesa, ina nuna tukunya da haɓa. Ya yi murmushi ya ɗaga min babban yatsa, ya ci gaba da hirarsa. Na ɗauka cewa yake abincin da daɗi. In tashi in je wurinsa kuwa, sai na tsallake surukina yana tsakiyar cin abinci. In ɗaga murya daga nan, ga dattawa. Haka na zauna ina juya dankali ɗaya a faranti, ina ƙirga laifin da na riga na ɗauka, ina tunanin da wane ido zan kalli Hajiya. (Yunwa kuma tana cina, amma wa zai iya tauna a gefen surukinsa?)

Ana cikin haka Bernar ya miƙe ya ƙwanƙwasa kofinsa da cokali. Ɗakin ya yi tsit. Madam ta fito da kwalabe biyu baƙaƙe, babu rubutu a jikin ko ɗaya, ta bi tebur tana tsiyayawa. Ni dai abin da na gani shi ne jan ruwa ya cika kofin Bernar, irinsa kuma ya cika na Alhaji. Bernar ya yi jawabi mai tsawo, Isufu yana mayar mana: manomi ɗan'uwan manomi ne ko'ina yake, yau ƙauyensu da garinmu sun zama ɗaya. Sai kowa ya ɗaga kofi, har tsofaffin da ke sauran tebura.

Alhaji ma ya ɗaga nasa.

Na ce a raina, don girmamawa ne, zai ajiye. Bai ajiye ba. Na ga leɓensa ya motsa da bisimilla, na ga kofin ya nufi bakinsa. Mutumin da ya je Makka, mai limancin unguwa in liman ba ya nan. Muryar Hajiya ta dawo min tar a kunne. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

"Baba, haramun ne!"

Na kai wa kofin duka. Ban tsaya a kofin ba, har da yatsun surukina na haɗa. Gilashin ya yi sama ya daki tukunya ya tarwatse, jan ruwan ya wanke gaban farar rigar nan tun daga wuya har cinya, sauran ya malale a kan farin ƙyallen Madam.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Bernar yana tsaye da kofi a sama, fuskarsa ta yi ja har kunne. Madam ta dafe ƙirji da kwalba a hannu, sai ta juya ta shige kicin. Alhaji kuwa bai motsa ba. Hannunsa yana nan a inda yake, kamar har yanzu kofin yana ciki. Sannan a hankali ya juyo, karo na farko tun da na auri 'yarsa, ya dube ni ido cikin ido.

Isufu ya zagayo da sauri, murya ƙasa. "Malam, me ka yi haka? Ruwan inabi ne zalla, yau da safe ta matse shi, ba a bar shi ya tsima ba. Kwalbarku daban, tasu daban. Ragon kuma wurin wani mahauci Musulmi ta je har birni ta sayo. Tukunyar ma sabuwa ce, saboda ku ta saya. Ai duk na yi muku bayani a mota."

Mama Rahila ta ce, "Yana ta munshari a lokacin."

Da ƙasa za ta tsage a wannan lokaci, da na gode mata. Na tuna rumbun albasa, na tuna mutanen da suka raka mu tasha suna addu'a. Na ga Bernar ya ajiye kofinsa bai sha ba, yana yi wa Isufu magana da sauri-sauri, Isufu kuma bai fassara ba. Rashin fassarar nan ya fi komai tayar min da hankali.

Sai Alhaji ya miƙe, rigar tana ɗiga. Ya ce, "Isufu, gaya musu. Yaron nan 'yata yake aure. Uwar 'yar ce ta sa shi gadina, kuma ya fi jin tsoronta a kan tsorona. Ni ma haka nake, don haka ban ga laifinsa sosai ba."

Isufu ya fassara. Sai wani tsoho a teburin baya ya fashe da dariya har da buga tebur, sauran suka ɗauka. Gashin bakin Bernar ya fara rawa, shi ma ya saki. Amma Alhaji bai yi dariya ba. Ya sunkuyo ya ce min, "Sakatare, ni ka bar ni da rigata. Matar da ta wahala dominmu, tashi ka je ka ba ta haƙuri."

Tafiyar daga tebur zuwa kicin ta fi min ta Kano zuwa Faransa nisa. Isufu yana biye da ni, na tarar da Madam a tsaye ta juya baya. Na durƙusa har ƙasa kamar yadda muke yi, na ce wa Isufu ya gaya mata jahilci ne da barci, ba raini ba. Ta juyo, idonta ya yi ja. Ta yi magana a taƙaice. Isufu ya ce, "Ta ce ƙyallen na mahaifiyarta ne, sai an yi babban baƙo take shimfiɗa shi." Na ƙara sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauko wani kofi, ta tsiyaya daga kwalbarmu, ta miƙo min, ta riƙe ƙugu tana jira.

Na shanye tas. Zaƙi kamar zuma, ga sanyi. Ta karɓi kofin, ta ɗora min gwangwanin gishiri a hannu, ta tura ni waje. Ashe da gishiri suke tsotse irin wannan tabo. Haka na tsuguna a gaban jama'ar ƙauye ina barbaɗa wa surukina gishiri a ƙirji, Mama Rahila tana nuna min inda na tsallake.

An sa hannu a yarjejeniyar da yammacin ranar, kuma rumbun yana nan a bakin fadama yanzu haka. Sai dai babu lokacin komawa masauki a sauya kaya, don haka a hoton da aka ɗauka, wanda ke rataye a ofishin ƙungiya, Alhaji yana tsaye a tsakiya da jan tabo faɗin faranti a gabansa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya. Ni nake zaune a ƙarƙashin hoton, ni ake tambaya. Mama Rahila kuwa ranar kasuwar Ɗambatta ta farko bayan dawowarmu ta gama raba labarin, har da kwaikwayon yadda hannuna ya tashi.

Alhaji bai sake ta da maganar ba, har na fara zaton ta wuce. Sai ranar sunan ɗana, ana zaune a ƙofar gida cike da dattawa, aka kawo zoɓo mai sanyi. Ya ɗauki kofi, ya kai kusa da baki, ya tsaya. Ya waiwayo inda nake raɓe a bayan mutane ya ce, "Sakatare, in sha?"

Tun daga nan na koyi abu ɗaya. In na ga abin da ban gane ba, bakina nake fara aikawa, hannuwana kuma in zauna a kansu.